Gaskiyar Magana Daban, Ƙarfin Hujja Daban

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce, ɗan yayata ya zo ya yi mako biyu a gidana. Ya gama jami'a, ya gama hidimar ƙasa, yana shirin zama jarrabawar ɗaukar aiki ta wani banki. Ya zo da wani littafi mai kauri kamar tubali, wanda abokinsa ya ara masa, cike da tambayoyin gwajin tunani da aka tattaro daga jarrabawoyin Amurka. Kullum bayan isha'i sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya haska fitilar waya, ya yi ta fama. A dare na uku na ji ya ja tsaki ya rufe littafin, ya ce, "Kawu, mutanen nan ba sa son a ci jarrabawarsu ne kawai. Amsar da na zaɓa gaskiya ce, kowa ya san gaskiya ce, amma wai ba ita ba ce."

Na ce ya karanto mini. Ga irin tambayar, na sauya mata riga don ta dace da abin da muka saba. Wani jami'i ya ce: a garin nan, yaran da ake sa wa darasin yamma sun fi sauran yara cin jarrabawa, saboda haka darasin yamma ne yake sa su ci. Sai aka tambaya, ina ɓarakar da ke cikin wannan hujja? Aka jero amsoshi biyar. Shi ya zaɓi wadda ta ce jami'in bai ambaci cewa da yawa daga masu koyar da darasin yamma ba su da takardar shaidar koyarwa ba. To, wane malami ne zai musa wannan? Gaskiya ce tsagwaronta. Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. Ko da a ce kowane mai darasin yamma yana da digiri uku, hujjar jami'in tana nan da raminta. Ramin shi ne, ya ga abu biyu suna tafiya tare, sai ya yanke cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan, bai tsaya ya duba ko akwai na uku da ya haife su duka ba. Gidan da yake iya biyan kuɗin darasi, galibi shi ne gidan da yaro yake karya kumallo kafin ya fito, ake saya masa littafi, ake tambayarsa abin da aka koya masa yau. Mai yiwuwa ne darasin yana taimakawa. Mai yiwuwa ne kuma ko babu darasin waɗannan yaran ne za su zo a gaba. Dalilin da jami'in ya kawo bai raba mana wannan gardama ba.

Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Amma Kawu, ai darasin yamma yana da amfani." Na ce masa ni ma na yarda yana da shi, ba kuwa wanda ya tambaye mu ra'ayinmu. Abin da aka tambaya shi ne, shin dalilin da mutumin ya kawo ya isa ya ɗauki nauyin matsayar da ya ɗora masa?

Wannan bambanci ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na lura ba Turanci ba ne babban cikas ɗinsa, ko da yake Turancin waɗannan amsoshi yana da sarƙaƙiya. Na gwada juya masa tambayoyi da dama zuwa Hausa, ya ci gaba da faɗawa rami ɗaya. In matsayar ta yi daidai da abin da ya yarda da shi, sai ya kasa ganin laifin hujjar. In ta saɓa masa, sai ya ga laifi ko'ina, har inda babu. Shekara goma sha shida a makaranta, babu wanda ya taɓa koya masa raba gaskiyar magana da ƙarfin hujjar da aka kafa mata. Shida daga cikin waɗannan shekaru a hannunmu ya yi su, mu malaman firamare, don haka ba zan nuna kowa da yatsa ba.

Jarrabawar da aka fi ɗebo irin waɗannan tambayoyi daga gare ta ita ce LSAT, wadda masu neman shiga makarantun koyon aikin lauya a Amurka da Kanada suke zama, tun 1948 ake yin ta. Daga watan Agusta na 2024, biyu daga cikin sassa uku da ake ba wa maki a cikinta na auna hujja ne. Kowane sashe minti 35 ne, da tambayoyi wajen 25, wato bai kai minti ɗaya da rabi ba ga kowace tambaya. Za a ba ka ɗan gajeren sakin layi, wani yana kafa hujja, a ce ka gano abin da ya ɗauka ba tare da ya faɗa ba, ko abin da zai raunana maganarsa, ko kuma, kamar tamu, inda tunaninsa ya karkace. Hikimar masu shirya ta a fili take. Lauya yana wuni ne yana sauraron maganganu masu kama da gaskiya, aikinsa kuwa ya gane wadda ta tsaya da ƙafarta da wadda aka jingina da bango. Kamfanoni da bankunanmu sun ari wannan salo wajen tace masu neman aiki, ga shi yau ya iso tsakar gidana.

Yaron ya gaya mini cewa a shekararsa ta farko a jami'a sun yi darasin falsafa da manɗiƙi cikin darussan gama-gari, ya kuma ci da maki mai kyau. Na tambaye shi me ya rage masa daga ciki. Ya jero mini sunayen kura-kuran hujja da Latin, tiryan-tiryan, kamar mai biya hadda. Ya san sunan kowace cuta, amma in aka kawo masa majinyaci ba ya gane wadda take damunsa. Sanin sunaye ba laifi ba ne. Aristotal, masanin Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara tsara su, ya ƙidaya iri 13 a littafinsa kan hujjojin yaudara. Amma jarrabawar ba ta tambayar suna. Tana ba ka magana ce a cikin kayan gida, ta ce nuna mini inda ta yage.

Hanyar da muka bi da shi mai sauƙi ce, kowane malami zai iya ta. Kafin ya kalli amsoshi, sai ya nuna mini da yatsa jimlar da mai maganar yake son a yarda da ita. Sa'an nan ya nuna mini abin da ya kawo a matsayin dalili. Daga nan sai tambaya guda: za a iya samun halin da dalilin yake gaskiya, amma matsayar ta zama ƙarya? In ya iya ƙago irin wannan hali, ko da guda ɗaya ne, to ya ga ɓarakar da idonsa, sai ya nemi amsar da ta siffanta ta. Wanda ya fara da karanta amsoshi kuwa, kamar wanda ya shiga kasuwa ne bai san abin da ya zo saye ba, duk dillalin da ya fi iya baki shi zai tafi da kuɗinsa. Amsoshin ƙarya iri biyu ne suka fi kama mutane: wadda take faɗin gaskiyar da ba ta shafi hujjar ba, da wadda take siffanta wani kuskure sananne wanda mai maganar bai yi ba.

Kuskuren da ya fi wahalar da shi, wanda kuma nake ganin ya fi kowanne yawa a bakin mutane, shi ne rikita abin da ba a yi sai da shi da abin da shi kaɗai ya isa. Gero ba ya yi sai da ruwan sama. Bana an yi ruwa. Shin dole gero ya yi? Kowane manomi zai yi maka dariya, ya tuna maka da taki, da noma a kan kari, da tsutsa, da tsuntsaye, da ambaliya. Ruwa sharaɗi ne, rashinsa yana kashe amfani, amma samuwarsa ba ta cika rumbu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san wannan tun yana yaro: salla ba ta inganta sai da alwala, amma don mutum ya yi alwala ba a ce ya yi salla ba. Abin mamaki, yaron da ya san wannan sarai, da zarar an rubuta masa cewa ba a ɗaukar kowa aiki sai mai digiri, wane kuma yana da digiri, sai ya amince cewa lallai za a ɗauki wane. Siffar hujjar ɗaya ce, riga kawai aka sauya. Da na nuna masa haka sai ya dafe kai ya ce, "Ashe ni ne wanen."

Sauran ba su ɗauke mu lokaci ba. Akwai rikita adadi da kaso: makaranta ta farko yara 10 suka faɗi, ta biyu yara 40, wai saboda haka ta farko ta fi. Ba a gaya maka cewa ta farko yara 20 ta zaunar, ta biyu 400 ba, wato rabi suka faɗi a can, a nan kuwa kashi 10 cikin 100. Wannan lissafin aji biyar ne. Akwai tambayar iyayen da suka halarci taron iyaye da malamai, a ce an ji ra'ayin iyaye, alhali waɗanda suka fi ƙorafi su ne ba su zo ba. Akwai barin magana a koma kan mai maganar. Akwai maimaita matsaya da wasu kalmomi a kira ta dalili, abin da Bahaushe ya gama da shi tuntuni da ya ce ba cinya ba ƙafar baya. Akwai kuma kalma ɗaya mai fuska biyu, wadda mu muka fi kowa shan wahalarta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Uba ya ji kalmar kyauta, da ma'anar ba a karɓar kuɗin makaranta, sai ya fita da ita da wata ma'anar, cewa babu sauran abin da ya rage a wuyansa, ko duba littafin yaro da yamma.

Da aka koma makaranta sai na ce bari in gwada a ajina, aji biyar. Na rubuta a allo: kowace akuya tana da ƙafa huɗu, wannan dabba tana da ƙafa huɗu, saboda haka akuya ce. Kafin in ajiye alli aji ya kaure da dariya. Wannan ya ce jaki, wancan ya ce kyanwa, wani daga baya ya ce kujerar malam ma ƙafa huɗu gare ta. Na bar su suka gama. Sa'an nan na goge, na rubuta: kowane ɓarawo yana yawo da dare, wane yana yawo da dare, saboda haka wane ɓarawo ne. Babu wanda ya yi dariya. Na ce waɗanda suka yarda su ɗaga hannu, fiye da rabin aji suka ɗaga. Na jira. Can wata yarinya da ba ta cika magana ba ta miƙe, muryarta tana rawa, ta ce, "Malam, babana maigadi ne. Kullum da dare yake fita." Hannuwa suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Daga nan suka shiga kawo nasu: mai shayi, direban motar dare, ma'aikaciyar jinya, ladan da ke fita kafin asuba.

Na koma gida ranar ina tunanin wannan rabin ajin. Yara ne masu kaifi, minti biyar kafin nan sun kama kuskuren a kan akuya ba tare da taimakon kowa ba. Da aka sa tsoro da zargi a cikin maganar sai idonsu ya rufe. Mu manya mun san inda irin wannan hujja take kai mutane. Mun ji labarin baƙon da aka yi wa ihu a kasuwa don kawai ya yi kama da wanda ake nema, duk da cewa kakanninmu sun gargaɗe mu cewa kama da wane ba ta wane ba ce. Mun ga saƙon WhatsApp da ke cewa wane ya sha magani kaza ya mutu bayan kwana uku, unguwa guda ta ƙaurace wa maganin. Maki a jarrabawar banki shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin wannan al'amari.

Ra'ayina shi ne, wannan aiki namu ne, kuma a firamare ya kamata a fara shi, da harshen da yaro yake tunani da shi. Ba ina kiran a ƙara sabon darasi a jadawali ba ne. Jadawalin ya riga ya cika ya batse, wanda kuma yake da yara 90 a aji ɗaya ba ya bukatar a ƙara masa kaya. Jarrabawar shiga sakandare ta ƙasa tana da sashen gwajin basira na kalmomi da na lissafi, mukan kuma shirya yara da tsofaffin takardu, su haddace salo. A cikin wannan lokacin da muke da shi, minti goma a mako sun isa a rubuta hujja ɗaya mai rami a allo, a bar yara su nemo shi. Ba a bukatar littafi, ba a bukatar wutar lantarki. Alli ne da haƙuri.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, domin an riga an faɗa mini a ofishin malamai. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Malam, kana so ka koya wa yara gardama ne. Gobe uba zai yi magana, ɗa ya ce hujjarsa ba ta kai ba." Ban ɗauki wannan da wasa ba. Ladabi ba ƙaramin abu ba ne, kuma na ga matasan da suka koyi kalmomi biyu na falsafa suka zama annoba a majalisa, ba a gama magana sai sun tsinke ta. Amma ina ganin maganin wannan a cikin darasin kansa yake. Abu na farko da yaro zai koya shi ne a taɓa magana a bar mai ita. Wanda ya iya wannan ya fi kowa ladabin saɓani, domin ba ya bukatar ya ce wa kowa maƙaryaci ko jahili. Rashin kunyar da muke gani a kafafen sada zumunta ba daga yawan auna hujja ta fito ba. Masu zagin nan ba su iya warware magana ba ne, shi ya sa suke kama rigar mai ita.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Magili, malamin Tilimsan da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, ya kuma yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin bai halatta a shagala da wannan fanni ba. Matsayin Magili shi ne, ana auna magana da gaskiyarta ne, fitowarta daga bakin wanda ba naka ba ba ta isa dalilin jefar da ita. Manyan malamai biyu suka saɓa, kowanne ya kawo abin da ya dogara da shi, ba wanda ya zubar da girman ɗan'uwansa. Har yau akwai zaurukan da ake karanta Sullam na Ahdari, ɗan littafin manɗiƙi da aka rubuta a ƙarni na 16. Abin da Amurkawa suke gwadawa a minti 35, malamanmu sun daɗe suna karantar da shi a kan buzu.

Akwai wata gaɓa da ba zan tsallake ba, ko da ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Mu kanmu muna cikin masu bukatar wannan darasi. In aka ce yara sun faɗi jarrabawa saboda haka malamai ba su iya aiki ba, nan take mukan ga ramin: ina batun aji mai yara 90, ina littattafai, ina yaron da ya zo da yunwa, ina wanda ake cirewa lokacin girbi? Daidai ne, hujjar ba ta tsaya ba. Amma rushewar hujjar wanda ya zarge ka ba ta wanke ka ba. Wannan ma kuskure ne da jarrabawar take yawan tambaya a kansa: a ɗauka cewa tunda dalilin da aka kawo ya faɗi, to kishiyar maganar ta tabbata. Idan muka ce albashi yana makara saboda haka babu ko ɗaya daga cikin faɗuwar yara da ke wuyanmu, mun yi irin abin da muke kuka da shi, mun ɗauki sanadi ɗaya mun ba shi nauyin duka. Wakilanmu da ke zama a teburin tattaunawa sun san cewa hujja mai rami ɗaya takan jawo a yi watsi da tara masu kyau da ke tare da ita. Wanda yake neman haƙƙinsa ya fi kowa bukatar ya tace maganarsa kafin abokin gardama ya tace masa.

Ya kamata kuma in faɗi iyakar abin. A ɗakin jarrabawa ana ce maka ka ɗauki dalilan a matsayin gaskiya, ka duba haɗinsu da matsaya kawai. A rayuwa babu mai ba ka wannan rangwame. Hujja tana iya zama daidai a siffa, amma an gina ta a kan labarin ƙanzon kurege. Don haka tambayar "wa ya gani, yaushe, a ina" tana nan daram, ba ta cikin littafin ɗan yayata, mu ne za mu ƙara ta.

Makonni kaɗan bayan darasin akuya, na shigo aji da safe na tarar tsintsiyar aji ta ɓata. Na duba jadawalin shara, na ga layi na uku ne suka yi jiya, na ce su fito su nemo ta ko su sayo wata. Sun fara miƙewa ke nan sai 'yar maigadin nan ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, don Allah ina da tambaya. Su ne suka yi shara, amma bayan an tashi 'yan makarantar yamma ma suna shiga ajin nan." Aji ya yi tsit, ana jiran a ga abin da zan yi. Na ji wani abu ya taso mini, irin wanda yake taso wa kowane babba in ƙarami ya gyara masa. Na haɗiye shi. Na ce layi na uku su zauna, na aiki shugaban aji wurin mai kula da makarantar yamma. Ya dawo da tsintsiyar a hannunsa, an are ta ne jiya aka manta ba a mayar ba.